DARASINMU NA WANNAN WATA: RIGAR RUWA MAI SHAN ISKA

Darasinmu na wannan wata a kan rigar ruwa ne. Ku karanta shi a hankali, sa'an nan ku amsa tambayoyin da ke ƙarshe. Wanda ya gamu da kalma mai wuya ya tambayi malamin aji.

Aikin damina ba ya jiran ruwa ya ɗauke. Manomi yana da noma da maimai a gabansa. Mai shinkafa yana da dashe a fadama. Makiyayi yana daji da dabbobi. Masunci yana cikin kwalekwale, ɗan acaba kuma yana kan hanya. A watan Agusta, lokacin marka, sai a wuni ana ruwa. Duk waɗannan mutane suna bukatar abin da zai kare jikinsu.

Amma akwai wata matsala. Mutum zai sa rigar ruwa ta leda ya shiga gona. Bayan ɗan lokaci ya tuɓe ta, sai ya ga rigarsa ta ciki ta jiƙe sharkaf. Sai ya ce rigar tana yoyo, ɗan kasuwa ya cuce shi. Sau da yawa rigar lafiyarta lau. Zufarsa ce ta jiƙa shi, domin ba ta sami hanyar fita ba.

Me ya sa muke yin zufa?

Jikin mutum mai lafiya yana son zafinsa ya tsaya a wajen digiri 37. Idan muna aikin ƙarfi, zafin jiki yakan tashi. Sai fata ta fitar da zufa. Idan iska ta bugi zufar, sai ta zama tururi ta tashi, ta tafi da zafin. Ta haka jiki ke yin sanyi.

Ku dubi randar ƙasa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi. Shi ya sa ruwan randa yake da sanyi. Ruwan jarkar roba kuwa ba ya yin sanyi haka, domin roba ba ta tsattsafo. Fatar mutum kamar randa take. Idan aka naɗe ta da leda, an hana ta yin aikinta.

Mai aikin ƙarfi cikin zafi yakan iya zubar da zufa lita 1 a cikin awa guda, wani lokaci ma fiye. Idan zufar ta kasa bushewa, zafi sai ya taru a jiki. Daga nan sai ciwon kai, da jiri, da kasala, da ɗaurewar jijiyoyi. Zama da jiƙaƙƙun tufafi kuma yana jawo ƙurajen zafi da ƙaiƙayi.

Ku gwada da kanku

Ku sami farar leda busasshiya. Ku sa hannu ɗaya a ciki, ku ɗaure bakinta sako-sako a wuyan hannu. Ku jira minti 10. Za ku ga ledar ta yi raɓa daga ciki, hannun kuma ya yi danshi. Babu ruwan da ya shiga daga waje. Abin da ke faruwa ke nan a cikin rigar ruwa wadda ba ta shan iska.

Dabarar mutanen da

Kakanninmu suna da kabido. Da kaba ake saƙa shi. Mutum yakan kifa shi a ka, ya sauko ya rufe baya. Ruwa yana bin ganyen yana gangarewa ƙasa, kamar yadda yake bin jinkar ɗaki. Gaba da ƙasa a buɗe suke, saboda haka iska tana ratsawa. Malfa ma haka take, tana tare ruwa da rana, kai kuma yana shan iska. Manoman shinkafa na ƙasar Japan su ma sun daɗe suna saƙa mayafin ruwa da ciyawa. Dabarar duk ɗaya ce: ruwa ya gangare, iska ta shiga.

Tarihin rigar ruwa ta zamani

A shekarar 1823, wani masanin haɗa sinadarai mai suna Charles Macintosh, mutumin birnin Gilasgo a ƙasar Sikotilan, ya yi rajistar wata dabara. Ya narkar da roba da wani mai da ake samu daga kwal. Ya shafa ta tsakanin yadi biyu, ya manne su. Ruwa ya kasa ratsa wannan yadi. Har yau a Ingila ana kiran rigar ruwa da sunansa. Sai dai rigunan farko suna da wari. Sukan sandare da sanyi, su yi danƙo da zafi. Mai sanye da su kuma yakan jiƙe da zufa.

A shekarar 1879, wani mai sayar da tufafi a Ingila, Thomas Burberry, ya fito da yadin gabadin. Saƙarsa matsattsiya ce ƙwarai, kuma an yi wa zaren magani tun kafin a saƙa. Yana tare yayyafi, yana kuma barin iska ta wuce.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wato 1939 zuwa 1945, an yi amfani da wani yadin auduga mai suna Ventile, wanda masana suka ƙirƙiro a birnin Mancesta. An yi wa matuƙan jirgin sama tufafi da shi, domin ya kare su idan sun faɗa cikin teku mai sanyi. Idan ruwa ya taɓa shi, zaren yakan kumbura ya toshe ƙofofin saƙar. Idan ya bushe, sai ƙofofin su sake buɗewa.

A shekarar 1969, wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ya ɗumama wata irin roba, ya fizge ta da ƙarfi. Maimakon ta tsinke, sai ta miƙe ta zama abu mai ƙananan ƙofofi masu yawan gaske. Daga nan aka sami yadin Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a 1976. Kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta kamar sau 20,000. Amma ta fi ƙwayar tururi girma kamar sau 700. Saboda haka ɗigon ruwan sama ba ya iya shiga, tururin zufa kuwa yana iya fita. Kamar rariya ce: gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

Abin lura a ƙasarmu

An yi irin wannan yadi ne musamman domin ƙasashe masu sanyi. Tururi yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi da laima zuwa wuri mai sanyi da bushewa. A can, cikin riga da ɗumi, waje da sanyi, sai tururi ya fita da sauƙi. A nan kuwa, da damina, iskar waje ma da ɗumi take, kuma cike take da laima. Shi ya sa shanya ba ta bushewa da wuri a watan Agusta. To, haka tururi yake wahalar fita ta jikin yadin, kome tsadarsa.

Ga mai aiki a ƙasarmu, ɗinkin riga shi ne babban abin dubawa. A nemi riga mai ƙofofin iska. Ga irinsu:

1. Tsagar baya. Wasu riguna suna da tsaga a gadon baya, an sa mata raga, an kuma rufa mata wani yadi daga sama kamar rumfa. Ruwa yana bi ta kan rumfar, zafi yana fita ta ƙarƙashinta.

2. Zif na hammata. Ana buɗe shi idan an ji zafi. Hannu yana kare wurin daga ruwa.

3. Aljihu mai raga. Idan an bar shi a buɗe, iska tana shiga ta nan.

4. Bakin hannu da ƙugu masu saki. Idan ruwa ya yi ƙarfi a ɗaure, idan ya lafa a sassauta.

5. Mayafin ruwa. Wannan yadi ne mai faɗi da ƙofar kai a tsakiya, gefe da gefe a buɗe. Ya fi kowace riga shan iska, kuma tela na ƙauye zai iya ɗinka shi.

Yadda za a zaɓi riga a kasuwa

Ana samun sababbin rigunan ruwa a kantuna. Ana kuma samun masu kyau a wurin 'yan gwanjo. Kafin ka biya kuɗi, yi waɗannan abubuwa:

1. Juya cikin rigar ka dubi ɗinki. Allura tana huda yadi, ruwa kuma yana bin hudar. Riga ta ƙwarai an liƙe kan ɗinkinta da wani siririn ƙyalle daga ciki. Idan ƙyallen ya ɓamɓare, za ta yi yoyo a kafaɗa.

2. Ɗaga ta saitin rana. Idan da huda, haske zai nuna maka.

3. Shafa cikinta. Idan tana danƙo, ko wani farin abu yana zuba kamar dusa, ta tsufa. Bar ta.

4. Ja zif sama da ƙasa. Duba ko akwai yadin da ya rufe shi daga waje.

5. Sa ta a jikinka. Ɗaga hannu, ka sunkuya kamar mai noma. Ɗauki wadda ta ɗan yi maka yawa, domin iska ta sami wurin zagayawa.

6. Karanta takardar da ke jikinta. Wani lokaci za ka ga lamba kamar 5,000mm ko 10,000mm. Ma'anarta ita ce an kafa bututu a kan yadin, an yi ta zuba ruwa a ciki. Sai da ruwan ya kai tsawon mita 5 ko mita 10 kafin ya ratsa. Mai babbar lamba ta fi jure ruwa mai ƙarfi. Ga amfanin karatu ke nan, har a wurin sayen riga.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Rigar leda mai sauƙin kuɗi tana da amfani ga wanda zai je kasuwa ya dawo. Wanda zai wuni yana aiki kuwa, gara ya daure ya sayi mai ƙofofin iska.

Yadda za a yi aiki da ita

Sa riga marar nauyi daga ciki. Buɗe ƙofofin iska tun kafin zufa ta karyo. Da zarar ruwa ya ɗauke, tuɓe rigar ruwan. Ajiye busasshiyar riga a cikin leda domin canji idan an tashi aiki. Riƙa shan ruwa a kai a kai, ko da hadari ya rufe rana.

Idan abokin aikinka ya fara jiri ko ciwon kai, a tuɓe masa rigar, a kai shi inuwa, a yi masa fifita, a ba shi ruwa. Idan ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Gargaɗi

Mai babur da mai keke su guji doguwar riga mai lilo. Tana iya shiga cikin taya ko sarƙa ta kayar da mutum. Su nemi riga da wando, masu launi mai haske kamar ruwan ɗorawa, domin direbobi su hango su cikin ruwa.

Masunci ya sani rigar ruwa ba ta hana nutsewa. Riga mai nauyi da takalmin ruwa suna hana mutum iyo.

Mai feshin maganin ƙwari kada ya dogara da riga mai ƙofofin iska. Inda iska ta shiga, guba ma za ta shiga. Feshi yana da nasa kayan. A tambayi malamin gona.

Kada a yafa ledar da aka zuba maganin ƙwari ko maganin ciyawa a cikinta. Kada kuma a bar yara su kifa leda a ka, domin tana toshe numfashi.

Kula da riga

Dauɗa da maiƙon jiki suna toshe ƙananan ƙofofin yadi. A wanke riga da ruwa da ɗan sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai. Kada a sa mata bilic, kada a buga ta a kan dutse. A shanya ta a inuwa, domin rana mai zafi tana busar da roba ta tsattsage. Kada a yi wa rigar leda guga. Kada a naɗe ta da danshi, za ta yi fumfuna da wari. A nisanta ta daga wuta da fetur da kananzir. Idan ta huje, a liƙe wurin da ƙyallen irinta da gam mai ƙarfi tun hudar tana ƙarama. Idan damina ta wuce, a rataye ta inda ɓera ba zai kai ba. Wadda ta mutu kada a ƙone ta a murhu, hayaƙin roba guba ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi?
2. Da me ake saƙa kabido?
3. Wane ne ya yi rajistar yadin roba a 1823?
4. Faɗi ƙofofin iska iri 3 da ake samu a jikin rigar ruwa.
5. Me ya sa doguwar riga take da hatsari ga mai babur?

Lissafi

1. Manomi yana zubar da zufa lita 1 a kowace awa. Ya yi aiki daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 11 na safe. Lita nawa ya zubar?
2. Shekara nawa ne tsakanin 1823 da 1969?

Aikin gida

Ku tambayi dattawan garinku abin da suke sawa da damina a zamanin da. Ku rubuta amsarsu cikin layi 5, ku kai wa malamin aji. Idan akwai mai saƙa kabido a garinku har yanzu, ku roƙe shi ya zo aji ya nuna yadda ake yi. Wanda ya gama karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai shiga aji ba tukuna.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.