Ƙwayar da Ke Cin Ƙwayar Cuta, da Yadda Zafi Ke Juya Ta

 Ya 'yan uwana ɗalibai da iyayenmu na Yakite, darasina a kan wata halitta ce da ido ba ya gani.

Kowa ya san bakteriya, su ke kawo taifod da kwalara, irin wadda ta biyo kogin Ubangi ta iso Bangui a 2016. To, su ma suna da abokin gaba. Wani bairas ne da ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sunansa bakteriyofaj, wato mai cin bakteriya. Mu ce masa faj a taƙaice. Ba ya kama mutum. Félix d'Hérelle ya bayyana shi a 1917 a Cibiyar Pasteur ta Paris, uwar wadda muke da ita a nan Bangui, bayan ya same shi a bayan gidan masu warkewa daga atini.

Faj ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Maƙalewa yake a jikin bakteriya, ya zuba mata ƙwayar gadonsa, sai ta bar aikinta ta koma ƙera masa 'ya'ya har ta fashe. Baƙo ne mai cin gidan da ya sauka, kun ji butulci! Akwai wanda ake kira T4, mai kama bakteriyar hanji: a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, kusan rabin awa ya ishe shi, 'ya'ya ɗari ko fiye su fito.

A nan zafi ya shigo. Tunda da kayan aikin mai gida faj yake aiki, saurinsa saurin mai gida ne. In an yi sanyi, bakteriya ta yi kasala, faj ya daɗe bai fito ba, 'ya'yan ma su ragu. Wasu ko zuba ƙwayar gadon ba sa iyawa. In zafi ya wuce kima kuma, rigar furotin da ke lulluɓe da shi ta lalace, kamar farin ƙwai a kasko, ba ta komawa yadda take. A ganina wannan ne abin lura: sanyi jinkirta shi yake, zafi mai tsanani kuwa kashe shi yake.

Shi ya sa a Tibilisi ta ƙasar Jojiya, inda cibiyar Eliava, wadda aka kafa a 1923, ke magani da faj, da ma sauran wurare, a firiji ake ajiye shi, wajen digiri 4. Mu da wuta ke zuwa ta tafi, ajiyar nan ba wasa ba ce.

Kada wani ya ce to faj zai tsabtace mana rijiya. Kowane faj da irin bakteriyar da yake ci, na kwalara ba ruwansa da ta taifod. Ruwan sha dai a tafasa shi. Wallahu a'alam.