Alhaji Ya Ce Abin Kyauta Ba Ya Ƙarko

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin dillanci a Ƙofar Wambai. Na ba da shawarar mu mayar da lissafin kaya da na bashi kan PostgreSQL, mu huta da biyan lasisi da dala. Alhaji mai kamfanin ya ƙi. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, Alhaji bai yi wauta ba. Wanda ya tashi a Kasuwar Kurmi ya saba, in haja ta ɓaci ya san rumfar da zai koma. Damuwarsa ita ce ranar da lissafin bashi ya salwanta, wa zai riƙe? Kuma in kai ka samu aiki a Abuja gobe fa?

To, daina ce masa "kyauta ce". Gaya masa tushen PostgreSQL tun 1986 yake, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Facebook da MySQL, wadda ita ma kyauta ce, ya girma, Amazon ma a 2019 ya kammala kwashe bayanan cinikinsa daga Oracle mai kuɗin lasisi. Maganar dala kuwa ba sai ka tuna masa ba, ya ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023.

Sannan ka fara da sito guda, tsohon tsarin na nan yana aiki. Ajiye kwafin bayanai kullum a wani wurin daban, saboda wutar nan tamu, ka dawo da su a gabansa ya gani da idonsa. Koya wa mutum na biyu aikin, a kuma rubuta yarjejeniya da wani ƙwararre da za a kira in abu ya cije. Kuɗin wannan ka sa a kasafin tun yanzu.