JIRIN TAFIYA A JIRGIN RUWA DA MOTA: DALILINSA DA RIGAKAFINSA

Darasi domin Hakimai da Malamansu na ƙasashen Gusau da Tsafe da Bungudu

An shirya wannan darasi ne domin ku karanta, ku kuma sa malamanku su karanta wa dagatai da masu unguwanni, su kuwa su isar wa talakawa. Maganar da ke ciki ta wata 'yar cuta ce wadda mutane ke rainawa, watau jiri da tashin zuciya da amai da kan kama matafiyi a jirgin ruwa, ko kwalekwale, ko mota, ko jirgin sama. Ita kanta ba ta kisa. Amma takan galabaitar da yara da tsofaffi, kuma wani lokaci muguwar cuta takan ɓuya a bayanta, a yi ta cewa ai jirin mota ne har lokaci ya ƙure.

1. Ina ruwanmu da teku?

Mai karatu ya iya cewa ƙasarmu tudu ce, me ya haɗa mutumin Kwatarkwashi da teku? To, kakanninmu sun san teku ƙwarai, a kan hanyar Makka. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Tsafe da Gusau, ta zarce Ƙauran Namoda a 1929, maniyyaci kan hau jirgi zuwa Zariya da Kano. Daga nan ya bi ta Maiduguri, ya shiga Fort Lamy, wadda a ke kira Njamena yanzu, ya wuce Abeshe da Janaina da Fashir, har ya sami jirgin ƙasa na Sudan ya kai shi Hartum, sa'an nan Sawakin a bakin Bahar Maliya. A nan za a tsare shi a yi masa allurai, kana ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, tafiyar wajen kilomita 300. Da yawa sukan tafi da matansu da 'ya'yansu. Mutumin da ya jure wa ƙishirwar Darfur wata da watanni, sai ga shi kwance a jirgi, dare ɗaya ya mai da shi kamar wanda ya yi jinyar mako.

Manya ma sun bi ruwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Ingila da Makka a 1921, a zamanin da babu hanyar ƙetare teku sai jirgin ruwa. Jiragen fasinja na tsakanin Ikko da Ingila kuwa, masu yin wajen mako 2 a hanya, ba su daina ba sai a 1974.

Yau alhazanmu jirgin sama su ke hawa. Duk da haka ruwa bai rabu da mu ba. A watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban mutane na ƙasashe dabam dabam ta jirgin ruwa suka tsira daga Fot Sudan zuwa Jidda. Tun 2020 kuma Saudiyya ta fara jiragen yawon shan iska a Bahar Maliya, waɗanda mai hali kan shiga da iyalinsa. A gida kuwa, in gulbin Sakkwato ya kawo da damina, akwai ƙauyukan da ba a isa gare su sai da kwalekwale. Balle mota, wadda kullum ta ke ɗaukar mata da yara daga Bungudu zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa. Cutar ɗaya ce, dalilinta ɗaya, maganinta ɗaya.

2. Abin da ke kawo shi

Jahilci ya sa waɗansu su kan ce iskokin ruwa ne suka taɓa mutum, ko an yi masa sammu don kada ya isa inda za shi. Ba haka ba ne. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, Allah ya halicci waɗansu 'yan bututu guda 3 a kowane gefe, lanƙwasassu, cike da ruwa, da 'yan jakunkuna 2 masu ƙananan tsakuwoyi. In kai ya motsa, ruwan nan ya motsa, sai jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa. Da wannan ne mutum kan san ya karkata ko yana tsaye daidai, ko da idonsa a rufe.

Ku ɗauka hakimi ya aiki manzanni biyu su dubo masa gulbi. Ɗaya ya komo ya ce ruwa ya kawo, ɗaya ya ce ko ɗigo babu. Ai fada ta rikice ke nan. Haka ya ke ga wanda ke zaune cikin ɗakin jirgi. Ido yana ganin bango da kujera ba su motsi, yana cewa a zaune mu ke. Kunne kuwa yana jin raƙuman ruwa suna ɗaga jirgi suna saukewa, yana cewa tafiya mu ke yi. Saɓanin nan ne ke rikita ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta tayar da zuciya. Shaidar wannan ita ce, tun ƙarni na 19 likitoci suka lura mutanen da wannan sashe na kunnensu ya mutu ba su yin jirin teku.

Ba kuwa ragwanci ba ne. Nelson, babban sarkin yaƙin ruwa na Ingila wanda ya mutu a fagen fama a 1805, ya yi ta fama da shi duk rayuwarsa a teku. Saboda haka kada a yi wa yaro ba'a ko tsawa don ya yi amai a mota.

3. Waɗanda ya fi kamawa, da alamunsa

Ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Jinjiri da bai kai shekara 2 ba da wuya ya yi shi. Yakan kama mata fiye da maza, musamman masu juna biyu, da masu ciwon ɓarin kai. Matuƙi kuwa ba safai ya kan yi ba, don idonsa na kan hanya, ya san kwana tun ba a kai gare ta ba.

Ba da amai ya ke farawa ba. Da fari sai yawan hamma, da kasala, da tsinkewar miyau. Sa'an nan gumi mai sanyi ya karyo, fuska ta kwaɗe, kai ya yi nauyi. Yaron da ke ta surutu sai a ji ya yi tsit. Uwa mai lura a nan ta ke gane shi, a nan kuma taimako ya fi amfani.

4. Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Ga abin da za a faɗa wa mai gida kafin ya tashi da iyalinsa:

(a) A yi barci isasshe daren tafiya.

(b) Kada a tashi da yunwa, kada kuma a cika ciki. Koko ko kunu da ɗan burodi ya isa. A bar ƙosai da soyayyen nama da abinci mai yawan mai da yaji sai an sauka.

(c) A zaɓi wurin zama. A babban jirgin ruwa, tsakiya kuma ƙasa ƙasa ya fi kwanciya, goshi da ƙarshen jirgi su suka fi tsalle. A mota, gaba ya fi baya. A jirgin sama, daidai fiffike. Ko ina ne, a fuskanci inda a ke dosa.

(d) A kafa ido a kan abu mai nisa wanda ba ya motsi. A teku, a fita sarari a dubi inda sama ta haɗu da ruwa. A hanyar Tsafe, a nuna wa yaro dutsen Kwatarkwashi tun daga nesa, kada ya bi itatuwan bakin hanya da ido. Ta haka ido da kunne za su kawo labari ɗaya.

(e) Kada a yi karatu, kada a duba waya. In ana son tasbihi ko tilawa, a yi da ka.

(f) A nemi iska. Warin fetur da hayaƙin inji da taba da turare mai ƙarfi duk suna tayar da zuciya.

(g) A jingina kai kada ya yi ta lilo. In abin ya yi tsanani, a kwanta rigingine a rufe ido.

(h) A riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan. Citta takan taimaki waɗansu, ko a tauna ko a sha a shayi.

(i) A yi guzurin leda da tsumma da ruwan wanki da tufafin sauyawa na yara.

5. Magungunan asibiti

A 1947, a wani asibiti na birnin Baltimo a Amurka, likitoci suka ba wata mace maganin borin jini, sai ta komo ta ce jirin da ta saba yi a motar haya ya ɗauke. A 1948 aka gwada maganin a kan sojojin da ke ƙetare tekun Atlantika zuwa Jamus, aka ga yana aiki. Shi ne Dramamine. Akwai kuma Avomine da Stugeron da maganin da a ke kira hayosin.

Sharuɗansu huɗu ne. Na ɗaya, kafin a tashi a ke sha, daga rabin sa'a zuwa sa'a 2 bisa ga irin maganin, gama in amai ya fara ƙwaya ba ta zama a ciki. Na biyu, suna sa barci, don haka direba da matuƙin kwalekwale kada su sha. Na uku, kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba ko kaɗan, wanda ya fi haka kuwa sai yadda likita ya ƙayyade. Na huɗu, mai juna biyu, da mai hawan jinin ido, da tsohon da fitsari ke yi wa wuya, lalle su ga likita tukuna. A saya a kantin magani mai rajista, kada a saya a faranti a tasha.

Akwai gargaɗi guda. Hayosin ɗin nan yana cikin zaƙami, wanda a ke kira haukata yaro. Kada wani ya ji haka ya ce zai jiƙa zaƙami ya ba matafiyi. Na asibiti an auna shi da ma'auni mai kyau, na daji kuwa guba ne, yana haukatarwa, yana kisa.

6. In amai ya zo

A mota, a roƙi direba ya tsaya inda babu hatsari, mutum ya sauka ya sha iska. A babban jirgi, a yi cikin leda. A kwalekwale kuwa, nan ne hatsarin ya ke: mai jiri ya leƙa baki don ya yi amai, na kusa da shi su zabura gefe guda, sai jirgi ya kife. Kowa ya zauna inda ya ke, a miƙa masa ƙwarya. Ba mu manta da kwalekwalen da ya kife a Gummi a watan Satumba na 2024 ba, inda aka yi hasarar rayuka masu yawa. Ya kamata hakimai su riƙa tuna wa sarakunan ruwa kada a yi lodi fiye da kima, a kuma sa rigar kariya.

Wanda ya yi amai, a kwantar da shi a gefensa don kada ya shaƙe. In ya lafa, a ba shi ruwan gishiri da sukari cokali cokali: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. A tafiya mai tsawo jiki kan saba cikin kwana 2 ko 3. Bayan an sauka ma waɗansu kan ji ƙasa na lilo, wannan yakan wuce da kansa.

Malamanmu sun bayyana cewa amai ba ya karya alwala, wanda kuma amai ya rinjaya azuminsa bai ɓaci ba, muddin bai mai da shi ciki da gangan ba. Mai jirin da ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune.

7. Wanda ba jirin tafiya ba ne

Wannan shi ne kan darasin. Jirin tafiya ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya zuwa da gudawa, kuma yakan lafa in an daina motsi. In aka ga amai tare da zawo kamar ruwan shinkafa, a yi zaton kwalara. In da zafin jiki da ciwon kai da sandarewar wuya, a yi zaton sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996. In da masassara da makyarkyata, a gwada zazzaɓin cizon sauro. Haka kuma in ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, maɗigar jinjiri ta lotsa, ko aka ga jini a amai, ko aman ya ƙi tsayawa bayan an sauka. Duk waɗannan, a kai asibiti nan da nan, ko da dare ne. In mutum biyu ko uku na mota guda suka kama amai da gudawa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, hakimi ya aika wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.

8. Aikin malamin hakimi

Malam, naka shi ne ka karanta wannan a wurin bitar maniyyata, da ranar kasuwa, da gaban shugabannin tasha. Ka nemi izini a isar da shi cikin gidaje ta hannun ungozomai da malamai mata, gama yara a hannun mata su ke. Ka kuma rubuta ƙauyukan gundumarku da a ke shiga da kwalekwale da damina, da sunan sarkin ruwan kowane mashigi, ka ajiye a ofis.

Tambayoyi

1. Waɗanne gaɓoɓi biyu ne saɓaninsu ke kawo jirin tafiya?
2. Ina ne ya fi dacewa a zaunar da yaro a mota, da a jirgin ruwa?
3. Don me a ke shan maganin kafin a tashi, su wa kuma aka hana?
4. Yaya a ke haɗa ruwan gishiri da sukari?
5. Faɗi alamu uku da ke nuna amai ba na tafiya ba ne.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Allah ya ja zamanin Sarki, amin.