Kafin Ka Sayi Man Sanƙo, Cire Hular Mu Gani

A ɗakin da nake duba masu ciwon fata, da wuya namiji ya shigo ya ce kai tsaye sanƙo ne ya kawo shi. Zai fara da ƙaiƙayin gaba ko ƙurajen aski. Sai an rubuta masa magani, ya miƙe har ya kama ƙofa, sannan ya juyo ya ce, "Af, Likita, akwai wata 'yar magana." Sai ya tura hula baya. Sau da yawa wannan 'yar maganar ce ta fito da shi daga gida, kuma ya yi shekaru tana cin sa a rai.

Hula ta rufa wa mazanmu asiri, amma ita ce ke sa su makara. Wanda ke yawo kai a buɗe, tun goshi ya fara ja da baya madubi da abokai za su sanar da shi. Namu kuwa daga gida zuwa kasuwa, daga ofis zuwa masallaci, yau zanna bukar gobe kube, mai aski da uwargida ne kaɗai suka san halin da ake ciki. Kafin ya zo wurinmu, tsakar kai ta riga ta yi sumul tana ƙyalli. Amma kada a ɗora wa hula laifin da ba nata ba. Ba ta kawo sanƙo, ba ta ƙara shi. Saiwar gashi daga jini take samun abinci da iskar da take buƙata, saboda haka rufe kai ba ya shaƙe ta.

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba komai ba ne, domin wasu na fitowa a madadinsu. Kowane sili yana girma na shekara biyu zuwa shida, ya huta 'yan watanni, ya faɗi, sabo ya tsiro daga rami ɗaya. A jikin kowane namiji, wani ɓangare na sinadarin mazantaka, testosteron, yana rikiɗewa ya koma wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Shi ne ke fito da gemu da ƙasumba lokacin balaga. Abin mamaki, shi ne kuma ke tsuke saiwar gashin goshi da tsakar kai ga wanda ya gaji wannan rauni. Duk zagayen da gashi ya yi sai ya dawo ya fi na baya siriri da gajarta, har ya koma kamar babu, daga ƙarshe ramin ya rufe. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa ba ruwansa da DHT, shi ya sa ko tsoho mai cikakken sanƙo za ka ga wannan zagayen yana nan.

Tun 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo ko da gadon gidansu ne, sai in an yi musu allurar testosteron. A 1975 Dakta O'Tar Norwood ya gyara ma'aunin da Hamilton ya fara, ya tsara sanƙo hawa bakwai, wanda har yau da shi muke aiki. Binciken da aka yi a kan Turawa ya nuna kusan rabin maza suna da sanƙo, kaɗan ko da yawa, kafin su cika shekara 50. Gadon kuwa ta ɓangaren uwa da uba yake zuwa. Wanda ya ce mini, "Ai mahaifina har ya rasu sumarsa cike take," nakan tambaye shi labarin kawunnansa da kakansa na wajen uwa.

Mai sanƙo bai fi sauran maza yawan sinadarin mazantaka ba, saiwar gashinsa ce kawai ta fi jin DHT. Batun cewa sanƙo alamar arziki ce kuma, a nan raha ce ta majalisa, amma a Mozambik ta kai ga jini. A 2017 'yan sandan ƙasar sun gargaɗi masu sanƙo bayan an kashe wasu a lardin Zambeziya, saboda camfin cewa akwai zinariya a cikin kawunansu.

Dattijo mai shekara 60 da sanƙo ba ya damun kowa, kwarjini ma yake ƙara masa. Wanda abin ke ci shi ne saurayin da ya fara gani tun yana ɗan 22 ko 25. Abokai su ce hasken kansa ya kashe musu ido, ƙannen budurwarsa su gaishe shi da "Baba", a wurin ƙwallo a ce masa tsoho. Shi ma ya yi dariya tare da su, domin wanda ya nuna fushi a majalisa ya ƙara wa kansa. Ba sa ganin abin da ke biyo baya. Na duba samarin da suka daina zuwa ninƙaya da filin wasa don ba a sa hula a can, da wanda ya ce ba ya yarda a ɗauke shi hoto daga sama ko daga baya, da angon da fargabarsa duka ita ce daren da amarya za ta fara ganin kansa a buɗe. Wani ya ce mini, "Likita, in na ce abin yana hana ni barci, sai a ce namiji da damuwa a kan gashi?" Na ce masa, "Ɗan'uwa, duk abin da ya hana ka barci ya isa a kawo shi asibiti." Sanƙo ba ya kisa, ba ya ciwo, amma ƙuncin da yake jefa matashi a ciki na gaske ne, kuma wannan ƙuncin ne 'yan kasuwa ke ci da shi.

Dalilin da ya sa nake cewa a cire hula mu gani shi ne, ba duk zubar gashi ce sanƙon gado ba. In wuri ya zube a zagaye kamar kwabo cikin 'yan kwanaki, fatar sumul, wani lokaci har a gemu, wannan garkuwar jiki ce ta juya wa saiwar gashi, kuma sau da yawa yana dawowa, da magani ko da kansa. In akwai ɓawo da ƙaiƙayi da guntayen gashi da suka karye, makero ne, wanda ya fi kama yara kuma yana bin aska da injin aski. Shi sai an sha magani na makonni, shafawa kaɗai ba ta kashe shi. Wanda ya yi jinyar taifot ko wani zazzaɓi mai tsanani ko tiyata, gashinsa kan zube ko'ina bayan wata biyu zuwa uku, ya dawo da kansa. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da tunjere duk suna zubar da gashi. Sai ƙurajen ƙeya da suka yi wa baƙar fata katutu, waɗanda aski mai kankare fata ke tsananta su. Suna taruwa su zama tabo mai tudu, kuma inda ya yi tabo gashi ba ya sake fitowa. Na ga ƙeyar da aka shafa wa baƙin mai da ruwan batir, abin ba kyan gani.

Man kaɗanya, man zaitun, man kwakwa da habbatus sauda suna laushin gashi, suna rage bushewar fata, ban hana kowa ba. Amma ba sa taɓa DHT. Tafarnuwa ɗanya da ake gogawa tana ƙona fata. Yawan aski ba ya sa gashi kauri, tsinin da aka yanke ne ke sa a ji shi da kaushi. Baƙin rinin da wasu masu aski ke cike goshi da shi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan kumbura wa wasu fuska har ido ya rufe. Duk kwalbar da aka ce za ta fito da suma cikin mako biyu ƙarya ce tun daga bakin mai talla, domin gashi lafiyayye ma abin da yake yi a wata wajen santimita ɗaya ne kawai.

Magunguna biyu ne suka tabbata. Na farko minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai aka lura masu shan ta suna fitar da gashi, aka mayar da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Maza kan yi amfani da mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita ɗaya sau biyu a rana, a kan fatar kai ba a kan gashi ba. Yana son ya yi awa huɗu kafin ruwa ya taɓa wurin, saboda haka nakan ce wa marasa lafiyata su shafa bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, yadda shafar kai a alwala ba za ta wanke shi ba, kuma su bari ya bushe kafin su ɗora hula, in ba haka ba hular ce za ta sha maganin. A makonnin farko zubar gashin kan ƙaru. Nan ne mutane ke tsorata su jefar da kwalbar, alhali tsofaffin silin ne ke ba sababbi wuri. Ba a yanke masa hukunci kafin wata huɗu zuwa shida. Ya fi aiki a tsakar kai fiye da goshi, kuma ranar da aka daina, cikin 'yan watanni abin da aka samu zai tafi. Jabunsa ya cika intanet saboda samari masu neman gemu, don haka a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC. A nisanta shi da yara, da kyanwa ma, domin guba ne gare ta.

Na biyu finasteride, ƙwaya ta miligiram 1 a rana, wadda aka amince da ita don sanƙo a 1997, bayan an fara amfani da mai miligiram 5 a 1992 don kumburin furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Tana rage DHT a jini da kusan kashi 70 cikin 100, kuma ga mafi yawan masu sha zubar tana tsayawa. Ita ce ta fi ƙarfi, ita ce kuma ke buƙatar a zauna a yi magana ta gaskiya. A gwajin da aka yi kafin fitar da ita, maza ƙasa da 4 cikin 100 sun yi ƙorafin raguwar sha'awa ko rauni a shimfiɗa, yayin da wajen 2 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta suka yi irin wannan ƙorafi. Yawanci yana wucewa in an daina, amma akwai waɗanda suka ce nasu ya daɗe. Hukumomin magunguna a Turai sun kuma yi gargaɗi a kan ƙuncin rai har da tunanin kashe kai, don haka wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ya faɗa wa likita tun farko. Tana iya rage yawan maniyyi ga wasu, shi ya sa magidancin da ke neman haihuwa nakan ce ya dakata. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe, saboda tana iya illata al'aurar ɗan tayi namiji. Tana kuma rage sakamakon gwajin PSA na furostet da kusan rabi, dole mai sha ya sanar da duk likitan da zai duba masa furostet. Wannan ba ƙwayar da aboki zai miƙa wa aboki ba ce.

Duk biyun riƙe abin da ya rage suke yi, su kuma farfaɗo da wanda ya sirance. Ramin da ya rufe shekaru ba sa buɗe shi. Mai zuwa a hawa na biyu ko na uku yana da abin karewa, mai zuwa a na shida ba ni da kwalbar da zan ba shi.

Dashen gashi shi ne zancen da ya fi tashe yanzu, musamman tun da ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya bayyana nasa a 2011 yana ɗan shekara 25, kuma Istanbul ta zama kasuwarsa. Dabarar ta Dakta Norman Orentreich ce na New York tun shekarun 1950: saiwar ƙeya in aka mayar da ita goshi tana tafiya da halinta na ƙin jin DHT. Kamar manomi ne da ya ciro dashe daga inda shuka ta yi cunkoso ya cike gurbi, bai ƙara iri ko ɗaya ba. In ƙeya ta ƙare, magana ta ƙare. Gashin da ba a dasa ba kuma zai ci gaba da zuba in ba a shan magani, sai a wayi gari da tsibirin gashi a goshi, bayansa fili. Mu baƙar fata muna da ƙarin abin lura guda biyu. Saiwar gashinmu a lanƙwashe take a cikin fata, hannun da bai saba da ita ba yakan datse ta wajen cirowa. Sannan fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu. Wanda kaciya, tsaga ko ƙurjin aski ya taɓa bar masa irin wannan tabo, ya yi nesa da dashe sai ƙwararre ya gwada ɗan wuri tukuna. Kafin ka biya kuɗin jirgi, ka nemi ganin aikin da suka yi wa masu gashi irin naka bayan shekara guda, ka kuma san ko likita ne zai yi aikin ko yaransa. Allurar ruwan jinin mutum a fatar kai da hulunan haske da ake talla, hujjarsu ba ta kai ta magungunan nan biyu ba, ga tsada.

Akwai kuma wanda nake ce wa, "Alhaji, ka je ka yi ƙwal-kwabo ka huta." Ba gazawa ba ce, zaɓi ne mai kyau, ba shi da illa, ba shi da kuɗin wata-wata. Sai dai a riƙe injin aski na kai, kada a kankare ƙeya har fata, a kuma kare kan daga zafin rana.

Saurayin da ya ga kusurwoyin goshinsa sun fara shiga ciki, ya ɗauki hoton kansa ta gaba da ta sama yau, ya sake ɗauka bayan wata uku a wuri ɗaya da haske ɗaya. In ya ga bambanci kuma abin ya dame shi, ya nemi likitan fata a asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa da shi tun gashin yana nan. Ku kuma abokai da 'yan'uwa, in kun ga yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya daina cire hula ko a cikin gida, ku sassauta masa da tsokana, ku raka shi a duba shi.