Kafin Ka Hau Jirgin Ruwa a Yawuri

Mutumin Zuru ɗan tudu ne, duwatsu ya sani. Amma fatauci kan kai shi Yawuri ko Warra, inda wani lokaci sai an hau ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya shanye dazuzzuka, kututtura kuwa suna nan a ƙarƙashi. Matuƙi da rana yake iya kauce musu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ma ta hana tafiyar dare, ko da yake ba kowa ke ji ba.

Lodi ne babbar masifa. A watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da fasinjoji daga jihar Neja ya nutse kusa da Warra, rayuka masu yawa suka salwanta. In ka ga an jibga buhuna da babura har ruwa na neman bakin jirgi, sauka kawai, ko ka riga ka biya. Kada kunya ta hana ka.

Rigar ruwa mai hana nutsewa kuwa a jiki ake ɗaura ta, ba zama ake yi a kanta ba. In hadari ya haɗo, bari ya wuce tukuna, ko da kasuwa za ta tashi.