Hokin Ƙanƙara a Ƙasar Zafi: Nazarin Makomar Ƙungiyoyin Arizona Coyotes da Florida Panthers

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ke sa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan hokin ƙanƙara ta ɗore ko ta tashi a garin da wasan ba gadonsa ba ne. An kwatanta ƙungiyoyi biyu na gasar NHL: Arizona Coyotes, wadda aka kwashe 'yan wasanta zuwa jihar Utah a 2024, da Florida Panthers, wadda ta ɗauki Kofin Stanley a 2024 da 2025. Maƙalar ta nuna cewa abin da ya raba makomarsu shi ne zauren wasa, da wanda ke riƙe da shi, da kuma dangantakar masu ƙungiya da hukumar yankin, domin ta fuskar zafin gari da baƙuntar wasan duk kanwar ja ce.

1.0 Gabatarwa

Hokin ƙanƙara wasa ne da ake bugawa a kan daskararren ruwa cikin rufaffen zaure. Kowane ɓangare na da 'yan wasa shida har da mai tsaron raga, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna masu lanƙwasasshen kai. Kalmar ƙanƙara a Hausa ta ɗauki ma'ana biyu: wadda ke faɗowa tare da ruwan sama, da wadda ake daskararwa a firji. Ta biyun ce ta dace da wannan wasa, domin injuna ne ke daskarar da filin ƙwararru ko da a Kanada, inda wasan ya sami tsarinsa na zamani. Saboda haka duk garin da ke da wutar lantarki da kuɗi zai iya mallakar fili. Abin da inji ba ya samarwa shi ne jama'ar da suka tashi suka tarar da iyayensu suna kallon wasan.

Gasar NHL tana da ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka. Yunƙurinta na shiga jihohi masu zafi ya ƙarfafa ne bayan watan Agusta na 1988, lokacin da Edmonton Oilers ta miƙa fitaccen ɗan wasanta Wayne Gretzky ga Los Angeles Kings. Cikin 'yan shekaru aka kafa ko aka mayar da ƙungiyoyi zuwa Tampa a 1992, da Miami da Dallas a 1993, da Phoenix a 1996, da Nashville a 1998, da Atlanta a 1999. Gary Bettman, wanda ya zama kwamishinan gasar a 1993, shi aka fi dangantawa da wannan manufa, kuma shi ke shan suka a Kanada a kanta.

2.0 Ma'anar Hasashen Kakar Wasa a Irin Waɗannan Garuruwa

A Toronto ko Montreal, in masu sharhi suka zauna hasashen kaka, maganarsu ba ta wuce ƙarfin 'yan wasa da lafiyar mai tsaron raga da yiwuwar shiga zagayen fitar da gwani. Ko ƙungiya ta ci ko ta sha kashi, zaure zai cika. A garin da wasan baƙo ne, hasashen yana ɗauke da wata tambaya ta daban: shin ƙungiyar za ta kwana a garin har baɗi?

Dalilin yana cikin hanyar shigar kuɗi. Kuɗin tikiti da na ɗakunan manyan baƙi da na abinci da ajiye motoci suna da nauyi a hoki fiye da yadda suke da shi a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda talabijin ke ɗauke da shi. Har zuwa kakar 2025/2026, kowace ƙungiya na karɓar baƙuncin wasanni 41 a kaka, kuma ribar waɗannan darare ta rataya ne a kan yarjejeniyar zauren. Gaskiya ne gasar ta tanadi kariya ga marasa ƙarfi. Bayan rikicin albashi da ya cinye kakar 2004/2005 ɗungurungum, an sanya iyaka ga jimillar albashin da ƙungiya za ta biya, wadda ta fara da dala miliyan 39, aka kuma tsara yadda masu samu za su tallafa wa marasa samu. Sai dai tsarin ya zo da mafi ƙarancin abin da dole kowace ƙungiya ta kashe, kuma shi ma hawa yake yi duk lokacin da kuɗin gasar ya ƙaru, ko da aljihun ƙungiyar bai motsa ba.

3.0 Arizona: Ƙungiyar da Ba ta Taɓa Samun Matsuguni Ba

Winnipeg Jets ce aka ɗauko daga Kanada a 1996 aka raɗa mata suna Phoenix Coyotes. Zauren da ta fara sauka a tsakiyar birnin Phoenix an gina shi ne don ƙwallon kwando, wanda filinsa bai kai na hoki girma ba. Dubban kujeru ba sa ganin raga ɗaya, kuma ƙungiyar 'yar haya ce. A ƙarshen 2003 ta koma sabon zaure a Glendale, wanda hukumar garin ta zuba mafi yawan kuɗin gininsa. Glendale na yammacin Phoenix, alhali da yawa daga cikin masu hannu da shuni da ke sayen tikiti suna gabas, wajen Scottsdale da Tempe. Tafiya mai nisa cikin cunkoson motoci a daren ranar aiki ba abin da mai sabon sha'awa zai jure sau arba'in a shekara ba ne.

A watan Mayu na 2009 mai ƙungiyar, Jerry Moyes, ya shigar da ita kotun fatara da nufin sayar wa attajirin Kanada Jim Balsillie, wanda ya so mayar da ita Hamilton. Kotu ta ƙi tayinsa, gasar NHL da kanta ta saye ƙungiyar a kan dala miliyan 140, ta riƙe ta har 2013. A cikin waɗannan shekaru sau biyu Glendale na amincewa ta biya har dala miliyan 25 don cike giɓin asara. Abin lura, a daidai wannan hali na rashin ubangida ne ƙungiyar ta yi kakarta mafi kyau: a 2012 ta zo ta ɗaya a rukuninta, ta kai wasan ƙarshe na shiyyar yamma kafin Los Angeles Kings ta fitar da ita. Wannan nasara ba ta ɗinke ɓarakar ba. Yarjejeniyar shekara 15 da aka ƙulla da sababbin masu ƙungiya a 2013, majalisar garin ta kaɗa ƙuri'ar soke ta a 2015.

Matsin ya bayyana har a jerin 'yan wasa. Ƙungiyar ta shahara da karɓar kwantiragin waɗanda rauni ko ritaya suka riga suka raba da gasar, irin su Chris Pronger da Pavel Datsyuk da Marian Hossa da Shea Weber. A takarda albashinsu na taimaka mata ta kai adadin da doka ta wajabta, a zahiri kuwa ba ta biyan duka, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya buga mata wasa. Dabara ce ta lissafi mai kyau, amma ba a sayar wa ɗan kallo lissafi.

A 2021 Glendale ta sanar da cewa ba za ta sabunta hayar ba, har ta yi barazanar rufe ƙofa saboda bashin haraji. Daga 2022 ƙungiyar ta raɓa a zauren Mullett na Jami'ar Jihar Arizona da ke Tempe, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum 5,000. Mai ita na lokacin, Alex Meruelo, ya gabatar da shirin gina sabon zaure a wani tsohon juji na garin, amma a watan Mayu na 2023 masu ƙuri'a na Tempe suka yi watsi da shi.

Duk da haka hasashen kakar 2023/2024 ta fuskar wasa bai yi muni ba. Akwai Clayton Keller, ga matasa irin su Logan Cooley da Dylan Guenther suna tasowa a hannun mai horarwa André Tourigny. Sun fara kakar da ƙafar dama, sannan suka jera wasanni 14 ba nasara a farkon 2024, daidai lokacin da raɗe-raɗin tashi ya cika gari. Ranar 17 ga Afrilu suka doke Edmonton da ci 5 da 2. Washegari gasar ta amince a miƙa 'yan wasan da ma'aikatan ga Ryan Smith na Utah a kan dala biliyan 1.2.

Ba za a ce wasan bai kama ƙasa a Arizona ba. Auston Matthews, wanda ya tashi a Scottsdale yana kallon Coyotes, shi Toronto ta zaɓa na farko a 2016, kuma a kakar da ƙungiyar garinsu ta naɗe tabarmarta ya zura ƙwallo 69.

4.0 Florida: Tarihi Mai Kama da Wancan

Wanda ya dubi Panthers a 2014 zai iya yi mata hasashen abin da ya sami Coyotes. Bayan kai wa wasan ƙarshe a 1996, ta shafe shekara 26 ba ta tsallake ko zagaye ɗaya na fitar da gwani ba. Ita ma zaurenta na Sunrise, wani gari a gundumar Broward, nesa da tsakiyar Miami. A watan Oktoba na 2014 an yi wasan da 'yan kallo ba su kai 8,000 ba, a zauren da ke ɗaukar kusan 19,000.

Bambancin ya fara ne daga Vincent Viola, wanda ya sayi ƙungiyar a 2013 ya kuma zauna da ita. A 2015, shekarar da Glendale ta yaga tata takardar, gundumar Broward ta amince da tallafin dala miliyan 86, tare da barin gudanar da zauren a hannun kamfanin ƙungiyar. Da matsuguni ya tabbata sai aka sami damar gina tawaga a tsanake: aka ɗauki Bill Zito ya zama babban manaja a 2020, aka kawo mai horarwa Paul Maurice da ɗan wasa Matthew Tkachuk a 2022. Sun kai wasan ƙarshe sau uku a jere, Vegas ta doke su a 2023, su kuma suka doke Edmonton a 2024 da 2025.

Masu sharhi na Kanada, waɗanda rabon ƙasarsu da kofin tun 1993, sukan danganta wannan da haraji. Jihohin Florida da Nevada ba sa karɓar harajin albashi, don haka a ƙarƙashin iyakar albashi guda ɗan wasa ya fi komawa gida da kuɗi a can. Hujjar na da ƙanshin gaskiya, ganin cewa kofuna biyar cikin shida daga 2020 zuwa 2025 sun tafi Tampa da Las Vegas da Sunrise. Amma wannan sauƙin haraji yana nan a duk shekarun da Panthers ta yi tana wasa gaban kujeru, bai kuma jawo mata kowa ba.

Ƙungiyar ta shiga kakar 2025/2026 tana neman kofi na uku a jere, abin da ba wanda ya yi tun New York Islanders a farkon shekarun 1980. Ta riƙe Sam Bennett da Aaron Ekblad da Brad Marchand da sababbin kwantiragi, amma kyaftin Aleksander Barkov ya ji mummunan rauni a gwiwa a wajen atisaye, Tkachuk kuma na jinyar tiyata. Da a Arizona ne, irin wannan labari zai tayar da zancen tashi. A Sunrise ya tsaya a zancen wasa, saboda an riga an tsawaita yarjejeniyar zauren zuwa 2033. Jarrabawar da ta rage wa Panthers ita ce ta shekarun da kofi zai yi nisa, lokacin da za a gane ko waɗanda suka cika zauren masoya wasan ne ko 'yan taya murna.

Matasan da aka kwashe daga Tempe kuwa, yanzu suna wasa da sunan Utah Mammoth a zauren Delta Center na Salt Lake City. Shi ma don ƙwallon kwando aka gina shi, kuma a kakarsu ta farko dubban kujerunsa ba sa ganin raga ɗaya, tamkar na Phoenix a 1996. Sai dai a wannan karon mai ƙungiyar shi ne mai zauren, kuma tuni ya sa aka fara fasa shi ana gyarawa.