Duba Ra'ayin 'Yan Wasa Kafin Sauke Gem ɗin Kuɓuta Daga Ɗaki

A gem irin Cube Escape, wanda Rusty Lake na ƙasar Holan ya fara fitarwa a 2015, ana kulle mutum a ɗaki, ya yi ta latsa akwati da agogo yana haɗa alamomi har ya samu mafita.

Ga matashin ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi, inda sabis ke yankewa kuma caji sai da kuɗi, yabon masu tauraro biyar a Play Store bai wadatar ba. Masu tauraro biyu ko uku su ke fasa ƙwai: ko gem ɗin na tafiya ba data, ko talla na katse shi, ko sai an biya kafin a samu taimako in an maƙale. Shi Cube Escape akwai jini a ciki, kada a miƙa wa ƙanne.